Grateful Dead: Waƙa Ɗaya Minti Ashirin da Uku, Gwaninta Ce Ko Kewaye-kewaye?

Auwalu: Jama'a, ina nan kan bakana: wanda bai ji Grateful Dead, ƙungiyar makaɗan rock ta Amurka, suna wasa a gaban jama'a ba, bai san su ba. Abin da suka naɗa a situdiyo ɗanɗano ne kawai. Daga 1965 zuwa mutuwar Jerry Garcia, babban makaɗin jitarsu, a 1995 sun hau dandamali sama da sau 2,300, kuma yadda suka kaɗa waƙa jiya daban, yau daban.

Anti Binta: Auwalu, don kai na gwada. Na kunna "Dark Star" ina yanka alayyahu. Na gama, na ɗora tukunya, har miya ta soma tafasa, mutanen nan suna nan suna kewaya wuri guda. Minti ashirin da uku, baiti biyu kacal! Ni a wurina waƙa magana ce. Kuma a shekara talatin, waƙarsu ɗaya tak, "Touch of Grey" ta 1987, ta shiga goman farko na jerin waƙoƙin da suka fi tashe a Amurka.

Auwalu: Anti, ai wannan hujjata ce. Rediyo bai ɗauke su ba, amma filayen wasa na cika maƙil. Masoyansu, da ake ce wa Deadheads, suna bin su gari-gari a mota, wasu sun ga wasa sama da ɗari. Wa zai yi haka don jin abin da ya riga ya ji?

Nura: A faɗi gaskiya mana. Cikin 'yan shan ƙwayar LSD na Kalifoniya suka taso. Mai maye ko ƙarar injin niƙa ka kunna masa zai yi rawa. Abin da ya cika filin ke nan.

Malam Sabo: Nura, ƙwaya ta yi musu ɓarna, ba mai musu, ta kuma taimaka wajen karya lafiyar Garcia, ya mutu yana ɗan shekara 53. Amma ni ko sigari ba na sha, kuma wasansu na Jami'ar Cornell na 8 ga Mayu 1977 ya kama ni. Ku saurari inda suke fita daga "Scarlet Begonias" su shiga "Fire on the Mountain". Ba wanda ya tsaya, ba wanda ya ba da alama. Phil Lesh, mai kaɗa musu jitar bass, ya ɗan karkatar da kiɗansa, makaɗan ganga biyu suka bi shi a hankali, sai ka farga kana cikin wata waƙar ba ka san lokacin da ka shiga ba. Sau uku na mayar da shi baya ina neman mahaɗin.

Binta, ke da kika ga Shata da idonki a wurin biki, kaset ɗinsa ya taɓa kai abin da kika gani?

Anti Binta: Bai kai ba, Malam, ko kusa. Amma Shata in ya ƙirƙira nan take, magana yake ƙirƙira, ya hango mutum ya saka shi a waƙa, 'yan amshi su karɓe. Waɗannan fa jita ce ke ta surutu.

Malam Sabo: To a wurinsu jitar ce bakin.

Auwalu: Abin da ya fi burge ni, sun bar 'yan kallo su naɗi wasa, har a 1984 suka keɓe musu wuri da makirufonsu a kan dogayen sanduna, da sharaɗin a yi musaya, kada a sayar. Shi ya sa dubban wasanninsu ke intanet yau, har daren da suka kwafsa.

Nura: Ashe kun yarda suna kwafsawa.

Auwalu: Sosai. Su da masoyansu sun ce wasan da suka yi a gindin dalar Giza ta Masar a 1978 bai yi armashi ba. Mai sayen tikiti ya san da haka, yake kuma zuwa.

Anti Binta: Malam, turo mini na Cornell ɗin. Zan ji bayan isha'i in yara sun kwanta, amma ban ce na yarda ba.