Neman kalma: me za mu kira ƙwayar sinadarin da haske ke juya ta?

Assalamu alaikum malamai da ɗalibai. Ina neman sunan Hausa ga abin da masana kimiyyar sinadarai ke kira photoswitch, kuma ina so mu tsayar da magana ɗaya, don masu fassarar darussan kimiyya sun fara cin karo da shi, kowa na rubuta abin da ya zo masa a baki. Wasu malamai daga cikinku sun riga sun kawo shawarwarinsu, zan amsa su a ƙasa.

Bari in fara bayyana abin kansa, don suna ba ya zama sai an san mai sunan. Akwai wani sinadari da ake kira azobenzin. Ƙwayarsa zobba biyu ne na kabon, zarra biyu na naitirojin sun haɗa su a tsakiya. In an bar ta, a miƙe take. Da zarar an haska mata hasken da ya wuce shunayya, wato ultraviolet wanda ido ba ya gani, mai tsawon zango wajen nanomita 365 (nanomita kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita), sai ta lanƙwashe daga tsakiyar nan kamar gwiwar hannu, tazarar bakinta biyu ta ragu daga kusan nanomita 0.9 zuwa 0.55. A haska mata shuɗin haske, ko a ɗumama ta, ko ma a ajiye ta a duhu, sai ta koma ta miƙe. Ana iya maimaita wannan sau da yawa, ƙwayar ba ta karye ba, ba ta rasa zarra ko ɗaya ba. Siffarta kawai ke sauyawa. G. S. Hartley ne ya ba da rahoton wannan lanƙwasa a Ingila a 1937. 

Fassarar da ta fi saurin zuwa ita ce "makunnin haske", kuma ita na fi tsoro. Duk Bahaushen da ya ji ta, hannunsa zai kai bango ne ya kunna ƙwan lantarki. A makunnin bango, kai ne ka danna, haske ya zo. A nan kuwa hasken ne ke dannawa. Ɗalibin da ya haddace wannan sunan ya riga ya fahimci darasin a baibai tun kafin malami ya buɗe baki.

Malam, na ga shawararka ta "majuyin haske", Allah ya ƙara basira. Ginin kalmar daidai yake, irin na mabuɗi da masassabi. Sai dai mabuɗin ƙofa ƙofa yake buɗewa, don haka majuyin haske zai zama abin da ke juya haske, wato madubi ko gilashin da ke karkatar da shi. Matsalar ɗazu ce ta sake dawowa.

Malama, ke kuma kin kawo "hawainiya", kuma na ji daɗinta ƙwarai, don da yawa daga cikin waɗannan sinadarai launinsu na sauyawa, kamar dangin da Masahiro Irie ya fito da su a Japan a 1988, waɗanda haske ke rufe musu zobe ya kuma buɗe. Ina ganin tabaran nan da ke yin duhu a rana su washe a inuwa sun cancanci a ce musu tabaran hawainiya, kowa zai gane nan take. Amma masanan da ke ƙera injuna da waɗannan ƙwayoyi ba launin suke bi ba, motsin suke so.

Ga dalili. A 1999 Ben Feringa da abokan aikinsa a Jami'ar Groningen ta ƙasar Holan suka haɗa wata ƙwaya mai ɓangare biyu, ɗaya na kewaya ɗaya. Haske ya bugo ta, ta yi wani juyi, zafi ya ƙarasa ta zuwa inda ba za ta iya komawa baya ba, haske ya sake bugowa, zafi ya sake ƙarasawa. Taki huɗu ke nan, ta cika zagaye guda, kuma kullum ta fuska ɗaya. Wannan tafiya ta fuska ɗaya ita ce abin mamakin, don ƙwayoyin sinadari a cikin ruwa kullum karkarwa suke ta kowane ɓangare ba tsari. Daga baya irin wannan inji ya juya wani ɗan sandan gilashi da ya ninka shi girma sau dubu goma, a 2011 kuma suka ƙera 'yar mota mai ƙafa huɗu, ita kuma da lantarki aka tuƙa ta. A 2016 aka ba Feringa kyautar Nobel tare da Jean-Pierre Sauvage na Faransa da Fraser Stoddart, ɗan asalin Sikotilan.

To shawarata ita ce mu bi hanyar da Hausa ta saba gina suna, aikatau a gaba, suna a baya: bi-bango, dafa-duka, fasa-ƙwauri. Mu ce ji-haske. "Ji" a bakinmu ya wuce na kunne. Yaro na jin magana, ciwo na jin magani, ƙarfe na jin wuta. Duk inda aka ce abu ya ji wani abu, to ya taɓa shi har ya sauya. Kuma ba mai jin ji-haske ya zaci shi ne ke ba da hasken. Na auna "bi-haske", amma wannan ya fi dacewa da tsiron da ke karkata wajen rana.

Ku gwada ta a jimla. Azobenzin ji-haske ne. Feringa ya ƙera injin ji-haske. Masana na gwajin magungunan ji-haske, waɗanda ba sa fara aiki sai an haska wurin ciwon.

Abin da ya ƙara kwantar min da hankali da ita shi ne ta kama har da wadda ke cikin idonmu. A bayan ido akwai wata ƙwaya mai suna retinal, jiki na samar da ita daga bitamin A. Ita a lanƙwashe take zaune, haske na taɓa ta sai ta miƙe, daga nan saƙon gani ke tashi zuwa ƙwaƙwalwa. In bitamin A ya yi ƙaranci, ita ma ta yi ƙaranci, mutum ya kasa gani da magariba. Iyayenmu sun daɗe da sanin wannan ciwo, suna ce masa dundumi. George Wald ya samu Nobel a 1967 kan binciken wannan sinadari. Malamin aji zai iya fara darasin ji-haske daga dundumi, ya kai yara har Groningen.

Akwai gyara ɗaya da wani ɗan'uwa ya kawo, kuma gaskiyarsa. Retinal a idon mutum ba haske ke mayar da ita ba, sai wasu sinadaran jiki sun sake lanƙwasa ta. Don haka ji-haske ya zama sunan dangin gaba ɗaya, wadda take zuwa ta dawo irin azobenzin kuma a ce mata ji-haske mai komowa.

Saura jam'i. Ni "ƙwayoyin ji-haske" nake rubutawa. 'Yan'uwa na Sakkwato da Damagaram da Maraɗi, in kalmar na da wata ma'ana a wajenku da za ta kawo ruɗani, don Allah ku faɗa kafin mu sa ta a littafin yara.