Kyautata wa dabbobin gona ko shirin tunkarar annoba: ina ya fi dacewa a kai taimako?

Mai Neman Sani:
Assalamu alaikum. Baya ga zakka, akwai ɗan abin da nake warewa duk shekara domin taimako, kuma bana hankalina ya rabu tsakanin masu fafutukar kyautata wa dabbobin da ake kiwo a manyan gonaki da masu aikin tare annoba kafin ta ɓarke. Ana yanka kaji fiye da biliyan 70 duk shekara a duniya, kuma a tsohon salon keji wurin tsayuwar kaza mai ƙwai bai kai faɗin takardar A4 ba. Sai dai Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa korona ta yi sanadin mutuwar mutum kusan miliyan 15 a 2020 da 2021. Da wane ma'auni za a auna waɗannan biyun?

Malamar Jinya:
Wa alaikumus salam, Malam. Ni dai ran ɗan Adam nake fara dubawa. Murar 1918 ta kashe mutum wajen miliyan 50, kuma annoba idan ta zo takan rufe kasuwa da makaranta, ta jefa talaka cikin yunwa. Kuɗin da aka sa a ɗakunan gwaji da horar da masu gano cuta da wuri shi ne ya fi tsare rayuka.

Likitan Dabbobi:
Malama, maganarki gaskiya ce, amma a wurinmu batutuwan biyu a haɗe suke. A Fabrairun 2006 aka tabbatar da murar tsuntsaye ta H5N1 karon farko a Afirka, a wata gonar kaji da ke Jaji a jihar Kaduna, kuma a 2024 ta ɓulla a shanun madara a Amurka. Idan aka cunkushe dubban kaji a ɗaki guda, iska ba ta ratsawa, kashi na taruwa a ƙarƙashinsu, ana kuma zuba musu maganin kashe ƙwayoyin cuta a ruwan sha ba tare da sun kamu da komai ba, to an ba cuta wurin yaɗuwa da sauya kama. Ban ce cire keji kaɗai zai tare mura ba, domin tsuntsayen daji ma suna ɗauke da ita, amma rage cunkoso da tsabtace kasuwannin kaji yana amfanar kaza da mai ita.

Ɗan Zazzau:
Malam mai tambaya, ka dubi inda taimakonka zai fi tasiri. Gwamnatoci da manyan gidauniyoyi suna zuba biliyoyin daloli a harkar riga-kafi, har sun kafa CEPI, ƙawancen samar da allurar riga-kafin cututtukan annoba, a 2017, alhali masu kula da halin dabbobin gona kaɗan ne ƙwarai, ga shi kuma aikinsu yana haifar da ɗa mai ido, tunda Tarayyar Turai ta haramta tsohon keji tun 2012. Hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare ya nuna mana cewa haƙƙin dabba ba abin wasa ba ne. Da ni ne, kaso mafi tsoka zan kai wa masu aiki da masu kiwon kaji a kan cunkoso da tsabta.