Wai masu "ilhama" sun fi kowa hangen nesa?

Baban Khalifa: Assalamu alaikum jama'a. Yau raina a ɓace yake, bari in sauke a nan. Ni da Yayana muka je duba wani fili a bayan gari. Muna tsaye wuri ɗaya, amma wallahi kamar ba fili ɗaya muke kallo ba. Ni ina kallon turakun lantarki da aka fara kafawa, da yadda gidaje ke matsowa, ina hango abin da wurin zai zama nan da shekara biyar. Shi kuwa ba ya ganin komai sai taɓo da wata zaizaya da ruwa ya yi a gefe, yana ta maimaita yadda Baba ya taɓa sayen irin wannan wuri damina ta cinye shi. Ƙarshe ya hana a fitar da kuɗin gadonmu. Na yi gwajin halayyar nan da ke ba mutum haruffa huɗu a matsayin nau'in halinsa, ni INTJ ne, abin da ke jan ragamar kaina ilhama ce. Shi na tabbata ISTJ ne, ba ya motsi sai da abin da ya taɓa gani. Magana ɗaya ce: masu ilhama sun fi kowa hangen nesa, kuma su ake dannewa a kowane gida.

Malam Nasiru: Wa alaikumus salam. Ilhama? Baban Khalifa ka ji tsoron Allah. Ilhama abu ne da Allah ke jefawa a zuciyar wanda ya so daga bayinsa. Yaushe aka fara samunta ta hanyar latsa waya?

Baban Khalifa: Malam ba wannan nake nufi ba. Fassara ce kawai ta kalmar Turanci "intuition", wato N ɗin da ke cikin INTJ.

Malam Nasiru: To ka nemi wata fassarar. Kalma tana da masu ita.

Sadiku Zariya: Tsinkaye ya kamata ya ce. Hausa ba ta yi talaucin da za mu je aron Larabci ba.

Kawu Bala: Tsinkaye ai da ido ake yi, ka hango mutum daga nesa. Wannan hasashe ne.

Sadiku Zariya: Kawu hasashe kuma ai canki-canki ne. Ba ɗaya ba ne.

Malam Nasiru: Idan ma ana son kalmar da ta dace, firasa ce. Malamanmu sun riga Turawa, Fakhruddin Arrazi yana da littafi sukutum a kan firasa. Ga kuma hadisin nan na Tirmizi da ya ce a kiyayi firasar mumini.

Abu Hafsa: Malam wannan hadisin akwai maganar malamai a kan ingancinsa. Kada a riƙa kawo shi haka kai tsaye.

Malam Nasiru: Na san za ka fito. Ku ai kowane hadisi sai kun nemo masa ciwo.

Abu Hafsa: "Ku" su wa? Fito fili ka faɗa.

Anti Zainab: Don Allah ku tsaya. Wannan fannin na karanta, bari in ɗan warware. Asalin maganar ta Carl Jung ce, likitan ƙwaƙwalwa ɗan Suwizalan, a littafin da ya fitar a 1921. Abin da ya ɗaure masa kai shi ne yadda Freud da Adler, manyan masana biyu, za su dubi ciwo ɗaya a jikin marar lafiya ɗaya, kowa ya fito da bayanin da ya sha bamban da na ɗan'uwansa, kuma kowane bayani da ƙanshin gaskiya. Sai ya ce ashe halin mai kallo yana shiga cikin abin da ya gani. Ya kasa aikin ƙwaƙwalwa gida huɗu. Biyu na ɗauko labari ne: ko dai ta gaɓoɓi, abin da ido ya gani hannu ya taɓa, ko ta wannan da kuke faɗa a kan sunansa, wato kama inda abu ya dosa ba tare da ka iya cewa ga yadda ka gane ba. Biyu kuma na yanke hukunci ne: auna abu da hujja, ko auna shi da ƙimarsa a zuciya. Kowanne yana iya fuskantar waje ko ciki, shi ya sa suka zama takwas. Jung bai ce ɗaya ya fi ɗaya daraja ba. Abin da ya ce, wanda ka fi dogara da shi yakan yi ƙarfi, kishiyarsa kuma ta zauna a raunane. To Baban Khalifa, a tsarin da kai da kanka ka kawo, in har kai INTJ ne, mafi rauni a wurinka shi ne lura da abin da ke gaban idonka. Zaizayar nan da Yayanka ya gani, ita ce daidai abin da irinka zai tsallake. Ka koma ka auna ta kafin ka yi fushi.

Baban Khalifa: Anti kin ce "irinka". Me kike nufi da irina?

Anti Zainab: Ikon Allah. Duk abin da na rubuta wannan kaɗai ka gani?

Injiniya Musa: Ni duk tatsuniya na ɗauke shi. Haruffa huɗun nan ma ba Jung ne ya yi su ba. Katharine Briggs ce da 'yarta Isabel Myers a Amurka suka haɗa gwajin lokacin yaƙin duniya na biyu, kuma babu wadda ta yi digiri a ilimin halayyar ɗan Adam a cikinsu. Su suka kai shi gida 16. Mutane da yawa in sun sake gwajin bayan 'yan makonni sai harafi ya canza, saboda yawancinmu a tsakiya muke, gwajin ne ke tilasta ka faɗa dama ko hagu. Kuma ku nemi labarin Bertram Forer, wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka. A 1948 ya ba ɗalibansa takarda, ya ce kowa bayanin halinsa ne shi kaɗai. Suka ba ta maki sama da 4 cikin 5, suka ce ta faɗi gaskiya. Ashe takarda iri ɗaya ya raba wa kowa, daga littafin taurari ya tsinto jimlolin.

Kawu Bala: Ka ji! Ashe uwa da 'ya ne suka zauna a ɗaki suka ƙulla abinsu.

Maman Ummi: Kawu da girmanka. To don mata ne sai me? Da maza biyu ne da ka ce masana.

Kawu Bala: 'Yata ban zagi kowa ba.

Maman Ummi: Ba ka zaga ba amma mun ji. Kullum haka ake yi a gidan nan. Anti Zainab ta yi bayani mai tsawo ba wanda ya ce mata sannu, Injiniya na yin magana an fara "ka ji".

Injiniya Musa: Ni ban kawo maganar jinsi ba, maganar karatu na yi.

Maman Ummi: Kai injiniya ne, kai ma ba fanninka ba ne, ga shi kana magana.

Malam Nasiru: Kun ji dai da bakin Injiniya, littafin taurari. Dama na faɗa. Da can ana ce wa mutum kai wuta ne, kai iska, kai ruwa, kai ƙasa, a buga ƙasa a ce aurenku ba zai zauna ba. Yanzu an sa masa kwat an kawo. Duba ne.

Anti Zainab: Malam, Forer ne ya ɗauko daga littafin taurari don ya nuna yadda ake ruɗar mutane, ba masu gwajin ba. Gwajin ba ya da'awar sanin gaibu, amsarka yake tattarawa ya maido maka. Rauninsa daban ne, kuma Injiniya ya yi gaskiya a kai: jerin ayyuka takwas ɗin nan bincike bai tabbatar da shi ba, masana sun fi aiki da ma'aunin halaye biyar. Har shafin da yawancinku kuka yi gwajin a kai, mai ƙara A ko T a ƙarshe, ba ayyukan Jung yake aunawa ba, haruffan kawai ya ara.

Baban Khalifa: Nawa INTJ-A ya ba ni.

Injiniya Musa: Shi ke nan. Ilhamar ma ashe ba a auna ta ba.

Abu Hafsa: Ni tambayata ɗaya. Me ya sa har yanzu ba a raba gadon ba? Akwai mata da ƙanana a ciki? An nemi izininsu kafin ku tafi duba fili?

Baban Khalifa: Wannan maganar cikin gida ce.

Abu Hafsa: Kai ka fito da ita waje.

Sadiku Zariya: Bakano da fili ai sai Allah. Ko a tsakiyar kogi ne zai ce yana hango plaza.

Baban Khalifa: Sadiku kar ka fara. Da ba mu hango ba da wa zai ba ku kayan da kuke saro wa?

Sadiku Zariya: Mu muka ba ku karatu, ku riƙe kasuwa.

Kawu Bala: Ni dai har yanzu hasashe ne. Ku tambayi duk wanda ya karanta Hausa.

Shugaban Zaure: Jama'a dare ya yi, zan taƙaita in rufe. Abin da na fahimta, kusan kowa ya yarda Allah ya halicci mutane kala-kala wajen fahimta, kuma akwai waɗanda ke hango abin da wasu ba sa gani, kamar yadda Anti Zainab ta tabbatar daga bakin Jung. Ni kaina INFJ ne, na san zafin da Baban Khalifa ke ji, don an sha ce mini mai mafarki daga baya a dawo a ce na yi gaskiya. Masu cewa tatsuniya ce ba su kawo wata hujja mai ƙarfi ba in ban da labarin wani malami da ɗalibansa. Maganar kalma kuma mun tsaya a kan ilhama tunda ita aka fi sani. Baban Khalifa ka yi haƙuri da Yaya, ba laifinsa ba ne, iya inda ganinsa ya kai ke nan. Maganar gado da ta Kano da Zariya duk wanda ya sake tayar da ita zan cire shi.

Anti Zainab: Shugaba ban tabbatar da haka ba. Ka koma sama ka karanta.

Shugaban Zaure: Anti an rufe. Sai da safe.