Wata huɗu da komawata Teksas, wane lasisin farauta zan saya?

Baban Walid: Assalamu alaikum jama'a, don Allah shawara nake nema. Na baro Minesota na koma Houston da aiki farkon Yuli, to wani abokin aikina ya gayyace ni farautar barewa a gonar babansa cikin Nuwamba. Da na duba sai na ga lasisin 'yan jiha dala 25 ne, na baƙi kuma dala 315, wai sai ka haura wata shida a zaune kafin su ɗauke ka ɗan jiha, ni kuma har na canza lasisin tuƙina zuwa na Teksas. In sayi na 25 ne ko in daure in biya? Girin kad gare ni, wato katin zaman dindindin a Amurka, kwas ɗin farauta kuma na yi shi tun a Minesota.

Bazazzagi: Wa'alaikumus salam. Sai ka fara yin kwas tukuna, a Teksas duk wanda aka haifa daga 2 ga Satumba 1971 zuwa yau dole ne. Kuma in bizar karatu gare ka kar ka kuskura ka taɓa bindiga sai lasisin farauta na hannunka, wannan dokar tarayya ce.

Maman Ilham: Haba Bazazzagi, mutum ya ce girin kad gare shi kuma ya yi kwas. Takardar Minesota suna karɓa ai.

Ɗan Zangon Bronx: 315 ina? Ni bara na je Pennsylvania a matsayin baƙo, dala 101 da 'yan canji na biya.

Kanawan Dabo: Akwai na kwana biyar ma, dala 48. Shi za ka saya ka huta.

Maman Ilham: Kowace jiha da kuɗinta, Ɗan Zango. Na 48 ɗin kuma ba ya ba ka damar harbin barewa, su kurciya ne da kurege.

Sarkin Baka: Baban Walid, don girman Allah ka saurare ni. Wani da nake ɗauka ɗan'uwa ne ya ja ni farauta jiharsu, ya ce in ba shi kuɗin zai cire mini lasisi, ashe da adireshin gidansa ya cire mini na 'yan jiha ya soke sauran a aljihu. Na harbi barewa da asuba, ga sanyi yatsuna sun ƙage ko alamar da ake ɗaura mata da ƙyar na ɗaura, muna jan ta zuwa mota sai ga jami'in daji, cikin ladabi ya ce in kawo lasisi da katin shaida, ya duba wannan ya duba wancan ya ga jiha biyu daban. Shi ke nan. Suka tafi da barewa suka tafi da bindiga, sai kotu, sai tara, sai kuɗin lauya, aka dakatar da ni, kuma dakatarwar ta biyo ni har jihar da nake don akwai yarjejeniya tsakanin jihohin, in ɗaya ta hana ka sauran ma sun hana ka. Shi kuwa mutumin ko kotun bai raka ni ba, har yau in mun haɗu a masallacin Juma'a sai ya kau da kai.

Ɗan Zangon Bronx: Innalillahi. Allah ya saka maka, Alhaji.

Kanawan Dabo: Amma a gonar mutum wa zai zo ya duba? Shekarata nawa a Dallas ban taɓa ganinsu ba.

Sarkin Baka: Yaro, ka taɓa harbin ko tantabara? Jami'an daji na shiga gonar mutum a Teksas. Ku da ba ku taɓa kwana a daji ba ku bar ba mutane shawarar da za ta kai su gaban alƙali.

Kanawan Dabo: Ranka ya daɗe ni a jihar nake zaune, kai kuwa a wata jihar abin ya same ka.

Bazazzagi: Bakano da jin an ce rangwame ai sai abin da hali ya yi. Je ka harbi aladun daji, su ba a neman lasisi in mai gona ya yarda, ka kai Kurmi ka sayar.

Kanawan Dabo: Bawana kenan, kai za ka ɗauko mini kayan.

Maman Ilham: Tunda an ambaci alade, wannan shi ya fi damuna. Maigidana ya yi bismilla ya harbi barewa, ya same ta da rai ya yanka yadda ya kamata, muka kai wurin masu gyaran nama a niƙa mana wani ɓangare, sai da muka je ɗauka na ga an rubuta a jikin ledar an haɗa da kitsen alade, wai naman barewa ba shi da maiƙo haka suke yi wa kowa. Ba wanda ya tambaye mu. Duk muka ba maƙwabta.

Ɗan Zangon Bronx: Ko ka hana su, injin ɗaya ne ai, kuma wasu wuraren haɗa naman mutane suke su niƙa tare. Ni da kaina nake feɗewa in yi kilishi.

Baban Walid: Na gode ƙwarai. To in na jira Janairu wata shida ya cika, lokacin barewar bai wuce ba?

Bazazzagi: Maman Ilham, mahautan halal na Houston suna karɓar barewa kuwa? Don na ji wasu na ƙi.