Lambun yara a tsakar gidan siminti: da me za a fara?

Maman Yara, Aboabo:
Assalamu alaikum jama'a. Gidan haya ne a nan Kumasi, tsakar gida duk siminti, rana tana samun gefen katanga daga safe zuwa azahar. Yara uku, masu shekara 4, 7 da 10, ina so su koyi shuka da hannunsu. Me za a shuka, a cikin me, da wace ƙasa? Maƙwabta kuma suna da kaji.

Mai Lambu, Asawase:
Wa alaikumus salam Hajiya. Wannan ranar ta wadatar da ganye. Ki samo jarkar nan rawaya da muke kira galan Kufuor, wadda aka zuba man girki a ciki, ba ta fetur ko maganin feshi ba. A wanke ta, a kwantar, a yanke gefe ɗaya. Babban mutum, ba yaro ba, ya huda ƙasanta wuri 8 zuwa 10 da ƙusa mai zafi, sannan a ɗora ta kan bulo biyu don ruwa ya tsane. In ta zauna kan siminti, ruwa zai kwanta, saiwa ta ruɓe.

Ƙasa ita ce rabin aikin. Bokiti biyu na baƙar ƙasa, bokiti ɗaya na taki da ya ruɓe. Jar ƙasar Kumasi tana da danƙo, in ita kika samu, ƙara rabin bokitin yashi. Kashin kaji ɗanye yana ƙona tsiro, sai an tara shi an jiƙa, ana juyawa, ya yi kamar wata biyu. Alamar ya nuna: ya yi baƙi, ba zafi, ba wari mai hawa hanci. Don Allah kada a ɗebo ƙasar bola, akwai fasassun kwalabe da ruɓaɓɓen batir, ga yara za su sa hannu.

Malama Mai Ayoyo, Tafo:
Yaya, ki ba kowane yaro jarkarsa, kuma ki zaɓi abin da ke fitowa da wuri, don yaro ba ya jiran wata uku.

Ƙaramin a ba shi wake. Ƙwayar babba ce, yatsunsa za su riƙe, kwana 3 zuwa 5 ya ga tsiro. Na tsakiya alayyafo, wato alefu. Irinsa ƙanana ne ƙwarai, shi ya sa yara ke zuba shi wuri ɗaya ya fito a cushe. A gauraya rabin ƙaramin cokali da yashi cikin gwangwanin madara ɗaya, a barbaɗa, a rufe da ƙasa kaɗan. Bayan mako biyu a rage, a bar santimita 10 tsakani. Mako huɗu an fara yanka.

Babban ya yi ayoyo, amma akwai sirri: irin yana da tauri, in an zuba haka nan sai ya ƙi fitowa ko ya fito jefi-jefi. A ƙulle shi a ƙyalle, ke ki tsoma a ruwan da aka sauke daga wuta daƙiƙa 5 zuwa 10, a shanya a inuwa, a shuka ran nan. Ranar da aka yi tuwon zafi da ayoyon da ya shuka, ba sai an sake tuna masa ban ruwa ba.

Tumatir a bari tukuna, damshin damina na kawo masa cuta. Barkono ma haka, yaro zai taɓa ya murza ido.

Baba Manomi, Sawaba:
Ƙari kan abin da Malama ta ce: irin fakiti da kika ga an rina shi ja ko kore, magani ne a jikinsa, kada yara su taɓa.

Abin da ya fi kashe lambun yara shi ne yawan ruwa, ba ƙaranci ba. Kowa ya wuce sai ya zuba, ƙaramin tsiro ya ruɓe daga gindi ya faɗi. Ki koya musu su tura yatsa cikin ƙasa zuwa gaɓar farko. In da laima, a bari. A huda murfin gorar ruwa wuri biyar, ta zama abin ban ruwa. Daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin hunturu, a ba su ruwa safe da yamma. A damina kuwa, musamman Mayu da Yuni, a matsar da ƙananan tsiro daga inda ruwan kwano ke zuba.

Kaji: sanduna huɗu da tsohon gidan sauro, a danne gefensa da duwatsu.

Maman Yara, Aboabo:
Allah Ya saka da alheri. Famfo yakan ɗauke, za a iya zuba ruwan wanki?

Baba Manomi, Sawaba:
Ruwan wankin shinkafa ko na ganye, e. Mai omo ko bilic, a'a, gishirinsa yana taruwa a jarka ya busar da bakin ganye. Ruwan kwata kuwa sam. In za ki tara ruwan sama, durom ya kasance a rufe ruf, saboda sauro da kuma ɗan shekara huɗun nan.