Me kuke kunnawa a falo da daddare? Na rasa abin da zai zaunar da mu tare

Maman Yara:
Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da war haka. Dan Allah tambaya ce da ni, me kuke kunnawa a talabijin in dare ya yi kowa ya dawo gida? Ina nufin abin da za a zauna gaba ɗaya, uba da uwa da yara har da kakarsu in tana nan, a kalla daga farko har ƙarshe ba wanda ya sunkuyar da kai ba wanda ya zabura yana neman rimot. Mu dai a gidanmu maigida labarai yake so, in ba labarai ba to ƙwallo, babbar yarinyata kuma fina-finan nan masu dogon zango ta sa a gaba, ƙananan biyu su katun kawai suka sani, ni kuma duk wanda aka kunna zan kalla in dai za a zauna tare. To amma ba a zaman, da an kunna na wani sai sauran su zame ɗaya bayan ɗaya kowa ya ɗauki waya, talabijin na ta surutu ita kaɗai, mu shida a ɗaki ɗaya amma ba mai ce wa wani kanzil. Abin yana damuna gaskiya domin wannan awa biyun ne kaɗai muke haɗuwa a wuni, da safe kowa sauri yake. Ku da kuka samu mafita ku taimaka min da shawara.

Abban Gunners:
Wa alaikumus salam Hajiya. Ni dai amsata ƙwallo ce kuma ba don ina sonta kawai na faɗa ba, ki duba ki gani, minti casa'in ne an san farkonsa an san ƙarshensa, ba yaren da sai an fassara, yaro ɗan shekara shida yana gane an ci ko ba a ci ba haka ma tsohuwa. Kuma ana kallo ana magana, ba kamar fim ba da in ka yi tari za a ce ka yi shiru mana ba mu ji abin da ta ce ba. Matsalarta ɗaya lokaci. Wasannin gasar zakarun Turai Talata da Laraba ake yi, manyan kuma ƙarfe tara na dare agogon tsakiyar Turai ake take su, wanda ya yi daidai da ƙarfe tara a Najeriya da Nijar lokacin sanyi, in sun canza agogonsu na bazara sai ya dawo takwas, kin ga kafin a tashi sha ɗaya ta kusa, yaran da za su makaranta gobe ba za su kai ba. Tun kakar 2024 ma da aka mai da gasar ƙungiya 36 kowa ya buga wasa takwas a zagayen farko darare sun ƙara yawa. Shi ya sa ni na Asabar da Lahadi da yamma nake zama da yara, na Firimiya, su na tsakiyar mako ni kaɗai ne sai dai in ba su labari da safe. Kuma ki tuna gasar kofin duniya ta 2022 a Katar, lokacin da Maroko ta kai wasan kusa da ƙarshe, karon farko ga ƙasar Afirka, wallahi matata da ba ta san ofsayid ba a tsaye ta kalli wasansu da Fotugal.

Anti Malama:
'Yar uwa sannu da ƙoƙari, na ji daɗin tambayar nan don mutane da yawa suna cikin halin amma ba sa faɗa. Ni shawarata ki gwada shirye-shiryen namun daji, irin na Nat Geo Wild ko waɗanda BBC ke yi da muryar dattijon nan David Attenborough. Kar ki ce ai yara ba za su so ba, ki kunna kawai ki yi shiru ki ga ikon Allah. Mu ranar da aka nuna ƙaurar dabbobi daga Serengeti na Tanzaniya zuwa Masai Mara na Kenya, dabbobi sama da miliyan ɗaya har da jakunan dawa, sun taru a bakin kogin Mara suna ta kai da komo ba wanda ke son fara faɗawa ruwa saboda kadoji na jira, ɗan autana ya matso har ya dafa teburin talabijin yana cewa ku tsallaka mana ku tsallaka, babansu da ya shigo yana waya sai ga shi ya kashe wayar ya zauna a hannun kujera bai ma sani ba. Bayan an gama aka yi ta musu a kan me ya sa ba za su zauna inda suke ba, na ce musu ruwan sama suke bi, inda ciyawa ta fito nan suke nufa, yaron ya je ya ɗauko taswira a littafinsa yana neman Tanzaniya. To irin wannan nake nufi, kallon da in an kashe talabijin hira za ta ci gaba.

Sai dai ki lura da ƙananan, wani lokacin ana nuna zaki ya kama ɗan barewa kuma wasu yaran abin yana tsaya musu a rai har su yi mafarki, in kin ga an fara farauta ki duba fuskarsu. Kuma shekarunsu nawa ne? Don Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shawara a 2019 cewa yaron da bai kai shekara biyu ba kar a ajiye shi gaban allo sam, daga biyu zuwa huɗu kuma kar ya wuce awa ɗaya a rana, in ya gaza haka ma ya fi. Kuma allon nan har da na waya ake nufi ba talabijin kaɗai ba.

Maman Yara:
Na gode Anti, ƙananan ɗaya bakwai ɗaya tara, sun wuce wannan amma zan kiyaye maganar farautar. Abban Gunners na ji taka, ta ƙarshen mako zan gwada. Babbar ce dai damuwata, sha biyar take, ita in ba siris ɗinta ba ba ta san da zancen ba.

Ummu Salma:
Hajiya ki bar ni in ɗan kare yarinyar nan don ni ma ma'abociyar siris ce. Ba laifinta ba ne, haka aka gina abin, kowane kashi sai an yanke shi daidai inda ranki ya tashi, an buɗe ƙofa ba a nuna wanda ya shigo ba, an miƙa takarda ba a karanta ba, dole gobe ki dawo. Amma siris kala-kala ne kuma sanin bambancin zai taimake ki. Na Indiya da ake nunawa kullum su ne ba su da ranar ƙarewa, wani sai ya yi shekaru ya haura kashi dubu, wanda ya mutu ya dawo, a tsallake shekara ashirin a ci gaba da jikoki, in yarinya ta shiga irin wannan to ta shiga ke nan. Na Meziko da Burazil yawanci labari ɗaya ne ana ƙare shi cikin watanni. Na Turkiyya a can gida kashi ɗaya a mako suke sakewa mai tsawon awa biyu ko fiye, in za a sayar wa wasu ƙasashe sai a yanyanka shi gajeru shi ya sa za ki ga yawan kashin ya ninka. Na Koriya kuma da yawansu kashi sha shida ne an gama an tashi, ni su na fi so saboda haka. Ga kuma namu na Hausa da suka bunƙasa tun bayan da Arewa24 ta fara aiki a 2014, yanzu har a YouTube ake sakin wasu mako-mako, su kam ko kakarsu za ta bi labarin ba sai an fassara mata ba.

Abin da zan ce miki shi ne kar ki hana ta, in kin hana a falo za ta koma waya cikin bargo inda ba ki ganin komai, gara ki zauna ki kalla da ita. Ki zaɓi ɗaya mai ƙarshe, ki fara kallon kashi biyu ko uku ke kaɗai da rana ki ga yanayinsa, in ya yi miki sai ya zama naku ku biyu. Za ki sha mamakin abin da yarinya za ta faɗa miki a kan ƙawaye da samari da abin da take tsoro in tana fakewa da 'yar fim, ta ce ni da ni ce ba zan yarda da shi ba, ke kuma ki ce me ya sa, daga nan hira ta ɓalle. Kai tsaye ba za ta taɓa faɗa miki waɗannan ba.

Dattijo Mai Ritaya:
Yarana barkanku da hira. Ni na ga zamanin da tasha ɗaya ce tak, sai yamma ta buɗe kuma dare na yi ta rufe, ƙarfe tara na yi kowa ya nutsu don labaran NTA, ba wai don sun fi na yanzu daɗi ba sai don babu wani zaɓi, kuma gobe duk wanda ka haɗu da shi abin da ka gani shi ma ya gani. Tun da CNN ta fara labarai dare da rana a 1980, Al Jazeera ta biyo a 1996 daga Doha, labari ya daina jiran ƙarfe tara, yanzu kuma kafin ka zauna ma ka riga ka gani a waya. Don haka 'yata ki faɗa wa maigidanki cikin ladabi, in ji wani tsoho, rabin awa ta ishe shi, abin da ya biyo baya maimaici ne, labari ɗaya za su yi ta juyawa har tsakar dare. Kuma ya tausaya wa yaran, hotunan yaƙi da gawarwaki da gidaje a rushe ba abin da ɗan shekara bakwai zai kwanta da shi ba ne. Ni jikokina in suna nan kanun labarai kawai nake ji in miƙa rimot.

Wani abu kuma, shirin kacici-kacici da gasar ɗalibai kar ku raina su. Ana yin tambaya kowa a falo na rige-rigen amsawa, yaro ya riga babansa ya yi ta tsalle, babu abin kunya a ciki daga farko har ƙarshe.

Injiniya:
Baba ya gama magana, Allah ya ƙara girma. Ni ɓangaren na'ura zan taɓa don na ga Hajiya ta yi maganar zabura neman rimot, wannan ya taɓa faruwa a gidanmu muna zaune da mahaifiyata aka sako talla a tsakiyar shiri wanda bai dace ba ko kaɗan, tun daga ranar na zauna na gyara saitin. Kusan kowace dikoda tana da wurin kulle tasha da lambar sirri, kuma fina-finai suna zuwa da alamar shekaru a kusurwa ko in kin danna maɓallin bayani, za ki ga 13 ko 16 ko 18, sai ki saita cewa duk abin da ya haura 13 sai an sa lamba. Ki canza lambar da ta zo da ita daga kamfani don yara sun fi mu sanin wannan. In talabijin ɗin mai intanet ce, Netflix na da ɓangaren yara daban, YouTube ma akwai YouTube Kids, amma kar ki saki jiki da su gaba ɗaya, tacewar na'ura ce wani abin yana zillewa. Sannan ki kashe abin nan da ke kunna kashi na gaba da kansa bayan 'yan daƙiƙu, duka biyun suna da wurin kashe shi a saiti, shi ne ke mai da kashi ɗaya ya zama huɗu har sha biyun dare, in babu shi sai mutum ya miƙa hannu da kansa kuma a wannan ɗan tsakanin ne ake tuna gobe akwai makaranta.

Amma gaskiya Hajiya duk wannan ba zai yi aiki ba in wayoyi na hannu. Ko me kika kunna waya ta fi shi jan hankali saboda ita abin da mutum ke so shi kaɗai take ba shi. Mu abin da muka yi, kowa na da darensa, ranar da ta zama taka kai ke zaɓa sauran kuma dole su zauna, wayoyi duka a kan caji a wani ɗaki har da tawa da ta madam, awa ɗaya kacal. Makon farko an yi ta kumbure-kumbure ba zan ɓoye miki ba, babban yarona har cewa ya yi shi barci yake ji.

Ummu Salma:
Injiniya dole ɗin nan ce ban yarda da ita ba, 'yar sha biyar in ka tilasta mata zaman kallon katun ɗin ƙannenta za ta zauna amma ranta na wani wuri, kuma gobe za ta tsani zaman gaba ɗaya. A bar mata ƙofa, darenta da na namun dajin ta zauna, na katun in ta ga dama.

Injiniya:
Haka ne Anti, kowa ya san 'ya'yansa. Amma mu da muka dage, yaron nan da ya ce barci yake ji yanzu shi ke zaɓar wa ƙannensa katun ɗin da ya kalla yana ƙarami yana ba su labarin abin da zai faru. Wayar dai ita ce ba na sassauci a kanta.

Maman Yara:
Kai na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri, Baba saƙonka zai isa in sha Allahu. Na yanke zan fara da dare uku a mako tukuna, ɗaya namun daji, ɗaya ni da babbar mu nemi siris mai ƙarewa, Asabar kuma ƙwallo da babansu. Injiniya dan Allah lambar sirrin nan in na sa a dikoda tana hana tallan da ake sakowa tsakiyar shiri ko tashar kawai take kullewa?

Injiniya:
Tashar da shirin kawai take kullewa Hajiya, talla yana bin tashar da aka sako shi ne, in tashar a buɗe take zai fito. Tashoshin yara da na namun daji ba su cika sako irin wancan ba, amma na fina-finai bayan ƙarfe goma ki sa rimot kusa da ke.