Neman kalma: wayar da ke haɗa amfilifaya da jikin mota

Mai tambaya: Assalamu alaikum, malamai. Ranar Asabar zan raba wa yara masu koyon wayarin mota a nan Katsina takardar gano matsalar amfilifaya, wato na'urar ƙara ƙarfin sautin rediyon mota, kuma da Hausa nake rubuta ta. Wayar da ke fitowa daga batir, da fis ɗinta kusa da batirin, na kira ta wayar wuta. Wadda ke shiga ramin amfilifaya da aka rubuta wa GND, wato ground a taƙaice, ce na rasa sunan da zan ba ta.

Malamin Hausa: Wa alaikumus salam. Wayar ƙasa ta wadatar, tunda ma'anar ke nan a Turance.

Mai wayarin, Ƙofar Ƙaura: Allah ya gafarta malam, a gida wannan daidai ne, domin ana binne ƙarfe a ƙasa. Mota kuwa a kan taya take, kuma wutar ta cikin ƙarfen bodi take bi ta koma batir. Mu atin muke cewa. Idan aka ɗaure ta a kan fenti ko tsatsa, ko ta yi tsawo, sai amfilifaya ta riƙa ɗaukewa da an ƙara sauti, ko a ji wani kuka a sifika yana hawa duk lokacin da aka taka totur. Yaron da aka ce wa ƙasa ba zai san ya kankare fenti ba.

Tsohon ma'aikacin rediyo, Daura: To a ce makoma, tunda ta nan wuta ke komawa. Amma ɗana, me ya sa ka bar amfilifaya da kanta? Na daɗe ina cewa maƙara-sauti, kuma ba na ganin dalilin da mu da ke zaune a tushen Hausa za mu riƙa aron abin da muke iya ƙirƙira.

Malamin Hausa: Ranka ya daɗe, mota da batir ma aro ne, kuma daidaitacciyar Hausa a kan karin Kano aka gina ta, ba na Daura ba.

Tsohon ma'aikacin rediyo: Kano ta samu kasuwa ne kawai.

Mai wayarin: Makoma za ta sa yara su tuna lahira. Abin da nake so su riƙe shi ne awo: batir mai lafiya ya nuna kusan bolt 12.6 mota a kashe, wajen 14 inji na aiki, kuma a ga kusan hakan tsakanin ramin wuta da na atin. Idan ramin REM, wanda ta nan rediyo ke kunna amfilifaya, bai samu wuta daga rediyo ba, amfilifaya ba za ta tashi ba ko da sauran lafiya lau suke.

Mai tambaya: Zan rubuta atin, in bi ta da bayanin wayar komawa a karon farko. Amfilifaya zan bar ta yadda take.

Tsohon ma'aikacin rediyo: Wayar komawa na yarda da ita, amma maƙara-sauti ban janye ba.